Kewar Sheffield, garin da ba a haife ni ba

Ni haifaffiyar Zariya ce, a can na yi karatu, a can aka ɗaura mini aure. A shekarar 2013 maigidana ya samu gurbin karatun digiri na uku a Jami'ar Sheffield da ke arewacin Ingila, na bi shi da goyon ɗanmu na fari. Mun tafi da niyyar yana gamawa mu tattara namu ya namu mu dawo gida. Da ya gama sai Allah ya kawo aiki, zama ya miƙe. A tsawon zaman na ƙara haihuwa biyu a can, ni ma na kama aiki a wani gidan kula da tsofaffi. Ba mu bar ƙasar ba sai a 2023, da aikinsa ya kawo mu Doha ta ƙasar Katar, inda muke zaune har yanzu.

In na ce ina kewar Zariya, ba mai tambayata dalili. Mahaifiyata tana can, 'yan'uwana suna can, kabarin mahaifina yana can. Amma duk ranar da na ce ina kewar Ingila sai a zuba mini ido. Umma da kanta ta taɓa ce mini a waya, "Ke 'yar nan, ba ke ce kike kirana kina kukan sanyi ba? Yanzu Allah ya kai ki ƙasar Musulmi, kina jin kiran salla daga ɗakinki, me kuma kika baro a wajen Turawa?" Na ce, "Umma, wallahi na baro abubuwa." Bakina ya kasa fayyace mata su a lokacin, don ba irin abubuwan da ake ɗauka a hoto a turo gida ba ne.

Maganar sanyi kam gaskiya Umma ta faɗa. Hunturun farko ya ba ni wuya matuƙa. A watan Disamba rana tana faɗuwa kafin ƙarfe huɗu na yamma, Azahar da La'asar da Magariba su zo a jere cikin awa huɗu, sannan dare ya shimfiɗe ya ƙi ƙarewa. Babu ladan, sai takardar lokutan salla da muka manna a jikin firji. Ina zaune a ɗaki da yaro, hita tana aiki, ruwa yana zuba a jikin taga, ban san kowa a layinmu ba.

Abin da ya fara sassauta mini zuciya game da ƙasar shi ne haihuwar 'yata. A sashen haihuwa na Jessop na haife ta, lokacin kuɗin hannunmu alawus ɗin ɗalibi ne kawai, ana biyan haya ya kusa ƙarewa. Tun daga awon farko har ranar sallama ba wanda ya ce in je in biya kafin a taɓa ni. Washegarin komawata gida aka ƙwanƙwasa ƙofa, sai ga ungozoma da jakarta. Ta cire takalmi a bakin ƙofa ban ce ta cire ba, ta wanke hannu, ta duba ni, ta duba cibiyar jaririya da idanunta. Da ta gama ba ta miƙe ba. Ta zauna a bakin gado ta tambaye ni wa ke taimaka mini, ko ina samun barci, ko ina yawan kuka. Da a gida ne, da Umma da gwaggonnina sun kewaye ni, ana wankan jego, ana dama kunun kanwa. A nan ba ni da kowa sai maigida, shi ma yana tsakiyar bincikensa. Tambayar matar nan ce ta ɓalle mini hawaye. Ta bar ni na yi kukana na ƙoshi, sannan ta rubuta mini inda masu jego na unguwarmu ke haɗuwa duk mako. A rana ta biyar aka dawo aka ɗiga jini daga diddigen yarinyar don gwaji, komai kuma ana rubuta shi a wani jan littafi da ake ba kowane jariri, nauyinsa da tsawonsa da allurar rigakafinsa. Har yau jajayen littattafan nan biyu suna cikin akwatina tare da takardun makarantata.

Tarihin wannan tsari, wanda suke kira NHS, a bakin tsofaffin da na yi wa hidima na fi jin sa. Akwai waɗanda suka yi wayo kafin a kafa shi ranar 5 ga Yuli 1948, suna tuna yadda iyayensu mata ke jinkirta kiran likita har ciwo ya ci ƙarfi saboda babu abin biya. Ministan lafiya da ya tsaya kai da fata a kan tsarin, Aneurin Bevan, ɗan mahaƙin kwal ne daga Wales, shi ma ya shiga aikin rami yana ɗan shekara 13, kuma ciwon huhu na masu haƙar kwal ne ya kashe mahaifinsa. Ƙasar a lokacin ba ta daɗe da fitowa daga Yaƙin Duniya na Biyu ba, bashi ya yi mata katutu, abinci ma da kati ake rabawa, amma suka ce kowa a duba shi gwargwadon ciwonsa ba gwargwadon aljihunsa ba. Ba daga sama kuɗin ke faɗowa ba, haraji ne, mun kuma biya namu. Daga 2015 ma aka ɗora wa masu biza wani kuɗin lafiya na daban, wanda ya fara da fam 200 a shekara, ɗalibai fam 150, ya kai fam 624 a 2020, kowane kai a gida da nasa. Yana da zafi a aljihu. Duk da haka, daren da numfashin autana ya sarƙe, na kira 999, motar asibiti ta zo, ba wanda ya tambaye ni katin banki ko takardar inshora. A nan Doha asibitoci masu kyau ne ƙwarai, amma hannuna yakan fara laluben kati ne kafin in kai ga likita.

Wuri na biyu da ya riƙe ni shi ne laburare. Babban laburaren garin yana titin Surrey, ginin 1934, da ɗakin zane-zane a saman bene. Ranar da na fara shiga ina tura keken jariri, niyyata kawai in fake wa ruwa. Matar da ke kanta ta ce ko ina son kati. Na tambayi kuɗinsa, ta ce babu. Ta yi mini, ta yi wa yaron da ko magana bai gama iyawa ba nasa da sunansa. Tun daga nan ya zame mana wurin zuwa. Akwai ɗumi, akwai kwamfuta, akwai ranar da ake tara jarirai ana yi musu waƙa, ba kuma wanda zai ce ka sayi wani abu ko ka tashi. A dogon hutu yara suna karanta littafi shida a ba su lambar yabo, babban ɗana yana rataye tasa a wuya har wajen barci. Doka ce tun 1964 ta ɗora wa ƙananan hukumomi samar da laburare ga jama'a. A 2014 da kuɗin hukumar garin ya yi ƙasa, aka ce da yawa daga cikin ƙananan laburaren unguwanni ba za a iya riƙe su ba, sai mutanen unguwa, akasari 'yan fansho, suka karɓe su suna gudanarwa ba albashi. Wannan ya burge ni fiye da ginin da kansa. Tsohuwar malamar makaranta ce za ka gani da sanyin safiya tana buɗe ƙofa don 'ya'yan wasu, har da 'ya'yan baƙi irina.

In kuwa aka ce in zaɓi abu ɗaya tak, to hanyoyin ƙafa na karkara zan zaɓa. Sheffield jingine take da tsaunukan Peak District, wani gandun ƙasa da doka ta kare, har wani babban yanki na ƙasar birnin yana cikin gandun. Daga tashar jirgin ƙasa, cikin kamar rabin awa ka sauka a Hathersage ko Hope ko Edale, ƙananan ƙauyuka masu gidajen dutse. Daga nan sai ka bi wani allon katako mai kibiya rawaya, ya shigar da kai gonar mutum, ta tsakiyar tumakinsa, wani lokaci ta gefen tagar kicin ɗinsa. Ƙasar tasa ce, amma hanyar ta jama'a ce a doka, bai isa ya tare ka ba, bai isa ya toshe ta ba. Abin da ya fi kama da ita a wajenmu shi ne burtali, wanda manomi ya san ba shi da ikon haɗa shi da gonarsa. Naka kawai ka mayar da ƙyauren shinge yadda ka same shi, kada ka firgita dabbobi, kada ka bar shara. An ƙiyasta tsawon irin waɗannan hanyoyi a Ingila da Wales ya kai mil 140,000.

Wani dattijo da nake kula da shi, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa a masana'antar ƙarfe, shi ya ba ni labarin yadda talaka ya samu hawa kan tsaunukan. A da manyan masu ƙasa sun killace su don harbin tsuntsaye, sun zuba masu gadi da sanduna. Ma'aikatan Manchester da Sheffield suna shaƙar hayaƙi duk mako, ranar Lahadi suna hango tsauni ba damar hawa. A watan Afrilun 1932 ɗaruruwan matasa suka haɗu suka hau tsaunin Kinder Scout da gangan, aka yi kokawa da masu gadi, aka ɗaure mutum biyar. Ɗaurin nan ya jawo musu tausayin jama'a. A 1949 aka yi dokar gandayen ƙasa, a 1951 Peak District ya zama na farko, sai a shekarar 2000 aka yi dokar da ta buɗe tsaunuka da filayen da ba a nomawa ga mai tafiya a ƙafa. Dattijon ya kama hannuna ya ce, "Yarinya, in kin hau, ki tuna wasu sun yi zaman kurkuku kafin ki taka wurin nan." Shi a lokacin ko bakin ƙofa ba ya iya kaiwa sai an tura shi.

Mun hau kuwa, mun sha hawa. A watan Agusta wata gajerar ciyawa mai itace-itace takan yi fure, tsauni gaba ɗaya ya koma shunayya har iya ganinka. Katangun da suka raba gonaki duwatsu ne aka jera ba siminti ba laka, sun yi shekaru aru-aru a tsaye. Mutumin da a cikin gari zai wuce ka ido a ƙasa, a kan tsauni sai ya gaishe ka, ya tsaya ya faɗa maka inda hanya ta yi taɓo. Wata rana La'asar ta riske mu a ƙarƙashin dutsen Stanage, muka shimfiɗa rigunan ruwa a gindin katanga, Abban yara ya shige gaba. Hanyar siririya ce. Da muka sallame sai muka ga wasu mata da miji can baya, sun janye karensu sun riƙe shi gam, suna jira. Sun gwammace su tsaya a cikin iska da su ratsa ta gabanmu. Suka ɗaga mana hannu, suka wuce, ko sunansu ban sani ba. A Doha akwai bakin teku mai kyau da wuraren shaƙatawa masu tsafta, amma daga watan Yuni zuwa Satumba zafi yana haura maki 40, rayuwa ta koma daga mota zuwa gini, daga gini zuwa mota. Ƙafafuna suna neman taɓo da ciyawa.

Akwai kuma ƙananan ɗabi'u da sai da na bar su na san sun shiga jinina. Layi, misali. Mutum biyu in suka haɗu a tashar bas sun riga sun zama layi, kowa ya san wanda ya riga shi, mai kwat da mai shara duk ɗaya. Da Sarauniya Elizabeth ta rasu a watan Satumbar 2022, layin masu zuwa ganin akwatin gawarta a Landan ya bi gaɓar kogin Thames mil da mil, wasu suka kwana a tsaye, ba turereniya. In ka sa ƙafa a wurin tsallaka titi mai zanen fari da baƙi, mota za ta tsaya ko ta wace ce. Direban bas yakan sauko da kansa ya shimfiɗa wa mai keken guragu matakala, fasinjoji su jira ba mai tsaki, kuma a Sheffield duk mai sauka sai ya yi wa direba godiya. Kai za ka taka mutum, shi zai riga ka ba da haƙuri. Wasu 'yan'uwanmu suna cewa ai duk na fatar baki ne, ba har zuci ba. Wataƙila wani lokaci haka ne. Ni dai na san mace mai goyo da kaya, baƙuwa, wadda Turancinta bai gama zama ba, wannan ladabin yana sauƙaƙa mata yini ko daga ina ya fito.

Wadda na tabbata nata har zuci ne ita ce maƙwabciyata. Tsohuwa ce, mijinta ya rasu, shi ma ma'aikacin ƙarfe ne. Mun daɗe iyakarmu ɗaga hannu. Ranar da ta ga an dawo da ni daga asibiti da jaririya, sai ga kati ta ƙarƙashin ƙofa da 'yar hula da ta saƙa da hannunta. Ranar suna na cika faranti da shinkafa da nama da cincin na kai mata, ta tsaya tana kallona kamar ba a taɓa kai mata abinci ba. Daga nan katanga ta faɗi. In ba ma nan ita ke karɓar mana saƙo daga mai kawo wasiƙu, ita ke tuna mana ranar fitar da kwandon shara da launin wanda za a fitar. Yarana Kaka suke ce mata, ta kuma karɓi sunan hannu bibbiyu. Ita ta koya mini shiga shagunan gwanjo na ƙungiyoyin agaji irin su Oxfam, inda na yi ta saya wa yara rigunan sanyi da littattafai da kuɗi kaɗan. Tana da 'yar gonar haya daga hukumar gari, da ƙarfinta ya ragu ta ce in zo mu raba. Na shuka alayyafo ya yi kyau, kabewa ta yi, kuɓewa ce dai ta ƙi don zafin bai ishe ta ba. Da kullen korona ya zo a watan Maris na 2020, Abban yara ne ke yi mata cefane ya ajiye a bakin ƙofa, ranar Alhamis da ƙarfe takwas na dare kuma duk layin ya fito ana tafa wa ma'aikatan lafiya. Ita takan juyo ta fuskanci ƙofarmu tana buga murfin tukunya, don ta san daga wajen aiki nake, ta kuma san a makonnin nan mun rasa tsofaffi da yawa.

A kicin ɗinta na koyi shayinsu. Ba irin namu mai kauri da kayan ƙamshi ba ne, ganye ne da tafasasshen ruwa da ɗan madara, sai biskit a gefe. Amma komai ya faru, buta ake fara ɗorawa. An yi mutuwa, a ɗora buta. An samu ƙaruwa, a ɗora buta. Mai gyaran famfo ya shigo, kafin ya buɗe jakarsa an tambaye shi cokali nawa na sukari. Su mutane ne da faɗin abin da ke zuci yake yi musu nauyi, sai su miƙo maka kofi. Ranar da aka kira ni aka ce Baba ya rasu, ina Sheffield ba halin isa jana'iza, Kaka ta shigo ba ta ce komai ba, ta haɗa shayi, ta zauna kusa da ni har Magariba. Ina sayen ganyen Yorkshire Tea a nan da tsada, amma ɗanɗanon bai taɓa zama ɗaya ba. Ruwan Sheffield daga madatsun kan tsauni yake gangarowa, mai laushi ne, na nan kuwa ruwan teku ne aka tace.

Har azumin can ina kewa, duk da shi ne mafi tsawo da na taɓa yi. Daga 2015 zuwa 2017 Ramadan ya faɗo a watan Yuni, rana ba ta faɗuwa sai bayan tara da rabi na dare, muna kai awa 18 zuwa 19 ba ci ba sha. Ana idar da Tarawihi sahur ya gabato. Amma a babban masallacin titin Wolseley da ƙananan masallatan Burngreave na yi sahu da matan Yaman waɗanda iyayensu suka zo aikin ƙarfe tun shekarun 1950, da matan Somaliya, da na Pakistan, da Turawan da suka musulunta. Kowa ya kawo abin da ya iya, sambusa ta haɗu da ƙosai a faranti ɗaya. A Spital Hill muke sayen naman halal da doya da manja, kuka da daddawa kuwa sai wani ya zo daga gida, a raba ta cokali-cokali tsakanin matan Hausawa. Shugabata a wurin aiki, ba Musulma ba, da kanta ta zo da takardar jerin aiki ta ce in nuna mata ranakun da nake so a sauya mini. A inda kuke 'yan kaɗan, kowace fuska a masallaci tana da daraja a idonka.

Akwai abubuwan da ban baro zuciyata a kansu ba. Wata rana a tashar bas wasu samari a mota suka sauke gilashi suka zagi hijabina, suka watso mini ragowar abin sha. Jikina ya yi ta rawa. Wata Baturiya da ban sani ba ta taso ta tsaya kafaɗa da kafaɗa da ni, ta ba ni tishu, ba ta matsa ba har bas ya zo, amma tsoron ya daɗe bai sake ni ba. Kuɗin biza da sabunta ta sun sha cinye mana ajiyar shekara, kuma tun 1983 haihuwa a ƙasar kaɗai ba ta mai da yaro ɗan ƙasa, sai iyayensa sun cika wasu sharuɗa. Tsofaffin gidajen haya suna da danshi, bango ya yi baƙi, kuɗin gas a hunturun 2022 ya sa mutane da yawa suna zama da bargo a falo. Ganin likitan unguwa ya koma sai ka kama waya tun ƙarfe takwas na safe kana jiran layi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne kaɗaicin tsofaffi. Na ga waɗanda 'ya'yansu ke zuwa kullum suna taje musu kai, na kuma ga waɗanda Kirsimeti ke zuwa ta wuce ba wanda ya leƙo, ni baƙuwa daga Zariya ni ce mai riƙe musu hannu a daren ƙarshe. Wannan har gobe ban yarda da shi ba. A watan Agustan 2024 ina nan Doha na ga hotunan tarzoma a waya, an kewaye wani otal da ke ɗauke da masu neman mafaka a kusa da Rotherham, maƙwabciyar Sheffield, ana ƙoƙarin cinna masa wuta. Na yi ta kiran ƙawayena ina cewa kada su fita. A makon ne kuma na ga mutanen Southport sun fito da tsintsiya da bulo suna gyara katangar masallacin da aka farfasa. Duka biyun ƙasar ce, na zauna da kowanne.

A makarantar yarana ta nan akwai 'yan Birtaniya da yawa, malamai da iyaye. Da suka ji daga Sheffield muka zo, sai hira ta ɓarke, na kuma gane ciwonmu ɗaya. Wata ta ce cakulan Cadbury na nan ba ya yi mata daɗi irin na gida. Wani ya ce duk wanda zai zo sai ya roƙe shi kwalbar Marmite, wani abin shafa wa burodi. Suna kewar soyayyen kifi da dankali na ranar Juma'a, a naɗe a takarda, da gishiri da ruwan khal, ana ci a bakin teku iska tana kaɗawa. Suna kewar gasasshen naman Lahadi a gidan iyaye, da ƙwallon washegarin Kirsimeti, da wasan wuta na daren 5 ga Nuwamba, da dogon yammacin watan Yuni da yara ke wasa a waje har tara na dare da sauran haske. Wasu suna ambaton mashayar unguwarsu, wannan kam ba ruwana da ita, ko da yake na fahimci ba abin shan kaɗai suke nufi ba, wurin haɗuwar maƙwabta ne. Abin da kowa ya ambata, ba wanda ya tsallake, shi ne ruwan sama da kore. Mutanen da suka ƙare rayuwarsu suna ƙorafin ruwa, ga su a hamada suna marmarinsa. Wata malama daga Leeds ta ce mini in jirgi ya fara sauka ta hango gonaki kore shar da shingaye, sai hawaye ya zubo mata. Na ce mata ni sau biyu abin yake kama ni, in na hango jar ƙasar Kano daga sama, da kuma in na hango wannan koren.

Yarana kuwa ba su da wannan rabuwar zuciya irin tawa. Su Sheffield ce garinsu, Turancinsu ma na mutanen Yorkshire ne, Zariya garin Hajiya ce da ake zuwa hutu. Muna yi musu Hausa a gida, suna mayarwa, amma in autana ya ce yaushe za mu koma gida, na san inda yake nufi. Izinin zamanmu a nan ɗaure yake da aikin babansu, ranar da aikin ya ƙare sai mu ɗaga, kuma har yanzu ni da shi ba mu tsayar da inda za mu dosa ba. Shi yana son Zariya saboda mahaifiyarsa ta manyanta. Ni ma ina son in zauna kusa da Umma. Babban ɗanmu kuma ya riga ya ce jami'a a Ingila zai yi.

Bana dai in Allah ya kai mu watan Agusta za mu je hutu. Na ce wa Abban yara a Manchester za mu sauka, mu hau ƙaramin jirgin ƙasan nan mai tsayawa a kowane ƙauye, ba mai gudu ba, don yara su ga tsauni ya yi fure. Babban yana son kallon wasan ƙwallo a filin Bramall Lane, 'yar tana son ta ga ko katin laburarenta yana aiki. Kaka ta faɗi a bara ta karya ƙugu, yanzu ita ma tana gidan kula da tsofaffi, katin Kirsimetin da ta aiko mana wata ce ta rubuta mata, ita ta sa hannu kawai. Dambun nama take so, tun ranar da ta fara ɗanɗana shi a gidanmu. Ba a barin matafiyi ya shiga ƙasar da nama, don haka sai mun sauka zan sayi nama a Spital Hill in yi mata a kicin ɗin wata ƙawata, in rage yaji, in daka shi ya yi laushi sosai saboda haƙoranta.